Yadda Wani Ƙaramin Sutudiyo a Kano Ya Zaɓi Kwamfutar Kiɗa da Zane

Sutudiyon da wannan nazari ya shafa ɗaki biyu ne a wani bene da ke kusa da Titin Gidan Zu a Kano, kuma 'yan'uwa biyu ne ke gudanar da shi. Babban yana haɗa kiɗa da ɗaukar murya, mafi yawa waƙoƙin biki da na bege da sanarwar talla ta rediyo, yana aiki da manhajar FL Studio da fiyanon Yamaha PSR da katin sauti na Focusrite mai ƙofa biyu. Ƙanen kuma shi ke zana fasta da katin gayyata da manyan kyallayen talla na fuleks, da CorelDRAW da Photoshop. Su biyun kwamfuta ɗaya suke amfani da ita, tsohuwar kwamfutar tebur mai firosesa (ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi) Core i5 na zubi na huɗu, wato samfurin 2013, da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a ciki) gigabayit 8 da ma'ajiya irin ta dā mai faifai mai juyawa.

A farkon 2025 ne maganar sauya ta ta taso gadan-gadan. Waƙa in ta kai wani matsayi na yawan muryoyi da kayan kiɗa sai sauti ya fara tsattsagewa, zane in ya girma sai Photoshop ya tsaya cik na ɗan lokaci, ga kuma sanarwar da Microsoft ya yi cewa zai daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, alhali Windows 11 ba ya karɓar firosesan Intel da ya gaza zubi na takwas a hukumance. Kuɗin da suka tara yana da iyaka, kuma tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 duk abin da ake shigowa da shi da dala ya yi tsadar da ba ta barin mutum ya saya ya gwada sannan ya sake saye.

Abin da aka ajiye a gabansu

Zaɓi huɗu ne suka zo teburi. Na farko shi ne wanda wani dillali ya fi tallata musu, wato kwamfutar masu wasan gem mai akwatin gilashi da fitilu kala-kala, da Core i5 na zamani, da katin hoto (sashen da ke sarrafa abin da ake gani a allo) RTX 4060, da RAM gigabayit 16, da ma'ajiyar SSD (mai sauri, wadda ba ta da faifai mai juyawa) mai gigabayit 512. Na biyu shi ne Mac mini mai firosesa M4 wanda Apple ya fitar a watan Nuwamban 2024, wanda ƙaraminsa ke da RAM gigabayit 16 da ma'ajiya gigabayit 256 a kan dala 599 a Amurka a lokacin. Na uku kwamfuta ce ta haɗi da za a sayi kayanta ɗaya bayan ɗaya, mai firosesa Ryzen 7 7700 da RAM gigabayit 32 da SSD guda biyu, ba tare da katin hoto na daban ba.

Na huɗun bai daɗe a teburin ba. Dell OptiPlex ce ta hannu, irin waɗanda ofisoshin Turai ke sallamawa, an ce tana da "i7-7700", kuma farashinta ya yi daɗin ji. Sai dai Core i7-7700 na Intel samfurin 2017 ne mai ƙwaya huɗu (ƙwaya ita ce sashen firosesa da ke yin nasa lissafin shi kaɗai), ba shi da wata dangantaka da Ryzen 7 7700 na AMD da ya fito a 2023 da ƙwaya takwas in ban da lambar, kuma kasancewarsa ɗan zubi na bakwai yana nufin za su sayi matsalar Windows 11 ɗin da suke gudu ne da kuɗinsu.

Kafin a kwatanta sauran ukun, an buɗe waƙar da ta fi kowace nauyi a cikin ayyukansu da kuma zanen da ya fi girma, aka zuba ido a kan shafin da Windows ke nuna nauyin da kowane sashe na kwamfuta yake ɗauka. A wajen waƙar, RAM ta kusa cika kuma mitar firosesa ta cikin FL Studio tana bugun ƙarshe. A wajen zanen, RAM ta cika fal, faifan ajiya kuma ya tsaya a ɗari bisa ɗari. Sashen hoto kuwa a duka biyun kusan hutawa yake yi. Wannan ɗan gwajin, wanda bai ci ko sisi ba, shi ne ya fi kowace shawara tasiri a abin da ya biyo baya.

Abin da kiɗa yake buƙata daga kwamfuta

Aikin sauti ya bambanta da mafi yawan ayyukan kwamfuta ta fuska ɗaya, wato yana da wa'adi da ba a ɗagawa. Manhaja tana sarrafa sauti ne a gutsure-gutsure da ake kira bafa, kuma dole ta gama kowane gutsure kafin lasifika ta buƙace shi. In ana aiki a kan samfur 48,000 a daƙiƙa ɗaya, wato ana auna sautin sau 48,000 a kowace daƙiƙa, kuma aka saita bafa a kan 128, kwamfutar tana da kimanin kashi 2.7 cikin dubu na daƙiƙa ta gama lissafin kowane kayan kiɗa da kowace murya da kowane gyara da aka ɗora musu. In ta makara ko da ƙiris, kunne zai ji ƙas, kuma wannan shi ne tsattsagewar da babban yake kuka da ita. Ana iya ɗaga bafa zuwa 1024, wa'adin ya koma wajen kashi 21 cikin dubu, kwamfutar ta numfasa, amma a lokacin mawaƙin da ke sanye da abin sauraro a kunne zai riƙa jin muryarsa tana dawo masa a makare, kuma ba mawaƙin da zai iya riƙe kari a haka.

Al'amarin ya fi tsanani a irin waƙar da ake yi a wannan sutudiyo, domin yawancin mawaƙan da ke zuwa suna son su ji muryarsu da gyaran Auto-Tune a kanta tun suna cikin rerawa, ba sai an gama ba. Ke nan ba za a iya fakewa da hanyar da katin sauti ke mayar wa mawaƙi muryarsa kai tsaye ba tare da ta bi ta kwamfuta ba. Dole muryar ta shiga, a gyara ta, ta fito, duk a cikin ƙaramin bafa. Sannan gyare-gyaren da aka jera a kan murya ɗaya, na daidaita amo da na matse sauti da na amsa-kuwwa, bi da bi ake lissafa su, na biyu ba zai fara ba sai na farko ya gama, don haka ƙwaya ɗaya ce ta firosesa ke ɗaukar wannan jeri gaba ɗaya. Yawan ƙwayoyi yana taimakawa in layukan waƙa sun yi yawa, kamar in an tara 'yan amshi kashi-kashi, amma saurin ƙwaya guda shi ke yanke hukunci a kan layin da ya fi nauyi. A wannan ma'auni M4 da Ryzen 7 7700 da Core i5 na zamani duk sun wuce tsohuwar kwamfutar nesa ba kusa ba, kuma M4 ma yana gabansu a saurin ƙwaya guda, ko da yake huɗu ne kawai cikin ƙwayoyinsa goma masu cikakken ƙarfi, sauran shidan na tsimin wuta ne.

Sautin da aka ɗauka kansa ba ya cin wuri sosai. Murya ɗaya a kan samfur 48,000 da zurfin bit 24 tana cin megabayit 8.6 ne a minti, saboda haka waƙar minti biyar mai layi arba'in ba za ta kai gigabayit 2 ba. Masu cin wuri su ne ɗakunan ajiyar sautukan kayan kiɗa, irin na Kontakt da Omnisphere, inda Omnisphere 2 kaɗai yake neman gigabayit 64 na ma'ajiya, kuma duk kayan kiɗan da aka buɗe a waƙa wani kasonsa a RAM yake zama. A duk wannan aiki babu inda katin hoto ya shigo, in ban da zana mitoci da maɓallai a allo, abin da ko ƙaramin sashen hoto na cikin firosesa yake yi ba tare da gumi ba.

Abin da zane yake buƙata

Ƙanen ya fi karkata ga kwamfutar gem, kuma hujjarsa tana da kamar gaskiya: tun da sunan abin katin hoto, ai mai aikin hoto ne ya fi kowa buƙatarsa. Amma da aka duba zanen da ke tsayar masa da aiki sai aka ga wani abu dabam. Kyallen talla ne mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2, kuma ya buɗe shi a Photoshop a kan ɗigo 150 a kowane inci, abin da ya ba da ɗigo wajen miliyan 209. A tsarin launin bugu na CMYK mai launi huɗu, shimfiɗa ɗaya tak da ta cika wannan fili tana cin sama da megabayit 800, ga shi zanen yana da shimfiɗu da dama, ga kuma tarihin gyare-gyare da manhajar ke riƙewa don a iya komawa baya. In RAM ta cika, Photoshop yana juye rarar a kan ma'ajiya, kuma a tsohuwar kwamfutar ma'ajiyar faifai ce mai juyawa. Nan tsaikon yake. Katin RTX 4060 a kan RAM gigabayit 16 zai rage wannan matsala ne kawai saboda SSD ɗin da ke tare da shi, ba don ƙarfin katin ba.

Akwai kuma wani gyara da ba ya buƙatar sayen komai. Kyallen da za a rataye a bango a kalle shi daga tsallaken titi ba ya buƙatar ɗigo 150, kuma in aka sauko da shi zuwa 72 nauyin shimfiɗar yana komawa ƙasa da megabayit 200 ba tare da mai wucewa ya ga bambanci ba. Gaskiya ne cewa wasu ayyukan Photoshop suna sauri da katin hoto mai ƙarfi, kuma da ƙanen yana tace bidiyo da Premiere ko DaVinci Resolve da lissafin ya juye gaba ɗaya. Amma fasta da katin biki da rubutun CorelDRAW sun fi dogara ga firosesa da RAM. Abin da aikinsa ya rasa da gaske allo ne, domin tsohon allonsa yana sauya launi in mutum ya ɗan karkata kai, kuma hakan ya sha jawo gardama da abokan ciniki a kan kalar ankon da aka nuna musu da wadda ta fito daga injin bugu.

Dalilin da ya sa Mac mini ya kusa cin nasara, da dalilin da ya sa bai ci ba

A ganina Mac mini ne ya fi dacewa da ginin da yanayin wutar wurin, kuma ya kamata a faɗi hakan a sarari. Sutudiyon yana aiki ne da inbata da batir biyu masu bolt 12 da amfiya-awa 200 kowanne, wato jimillar wat-awa 4,800, kuma tun da irin wannan batir ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, abin da ake da shi a hannu wat-awa 2,400 ne. In kayan sutudiyo gaba ɗaya suna jan wat 150, wannan zai kai awa 16 a lissafin takarda, in kuma suna jan wat 300 sai ya koma awa 8, kafin a cire abin da inbata kanta take ci. Alƙaluman Apple sun nuna Mac mini M4 yana jan wat 4 in yana zaune, wat 65 in an ƙure shi, alhali katin RTX 4060 shi kaɗai an ƙiyasta masa wat 115. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da kuma ƙarin kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi bai wa wuta a rana, zuwa naira 225 a kowane kilowat-awa a watan Afrilun 2024, wannan bambanci ya zama kuɗi da ake gani a ƙarshen wata. Ga kuma shiru, domin makirufon ɗaukar murya yana kama ƙugin fanka ta ƙofar da ba ta rufu da kyau ba, Mac mini kuwa da ƙyar ake jin motsinsa. Tsarin sautinsa ma na cikin gida ne, ana jona katin sauti ya kama aiki.

Abu uku ne suka kayar da shi. Na farko, RAM ɗinsa a manne take da firosesa, ba a ƙara ta bayan an saya, kuma a lokacin Apple yana karɓar dala 200 a kowane mataki na ƙari, ta yadda mai RAM gigabayit 32 da ma'ajiya terabayit 1 yake kaiwa dala 1,399 kafin kuɗin jigila da ribar mai shigowa da shi. Araharsa ta ƙaramin samfurin ce kawai, kuma gwajin farko ya riga ya nuna cewa RAM ce wurin da takalmin yake matsa musu.

Na biyu shi ne tarin tsofaffin ayyuka. FL Studio yana aiki a Mac tun fitowar zubi na 20 a 2018, lasisi ɗaya ne ga ɓangarorin biyu, kuma fayil ɗin waƙa yana buɗewa a ko'ina. Amma waƙar ba ta tashi sai da ƙananan manhajojin sauti da aka gina ta da su, kuma da yawa daga cikin waɗanda babban ya dogara da su tsofaffi ne masu bit 32 da aka yi wa Windows kaɗai, alhali Mac ya daina karɓar manhajar bit 32 tun daga zubin babbar manhajarsa mai suna Catalina a 2019. A irin wannan sana'a tsohon aiki jari ne, domin mai biki yakan dawo bayan shekara biyu ya ce a ɗauko kiɗan da aka yi wa yayar amarya a sauya sunaye a rera wa ƙanwarta. In aka buɗe kiɗan aka tarar rabin kayansa sun ɓace, aikin awa ɗaya ya zama na yini. (A nan ne kuma aka gano cewa wasu daga cikin waɗannan manhajoji ba da lasisi aka same su ba, abin da ba baƙo ba ne a sutudiyoyi, kuma yana daga cikin dalilan da ke sa kwamfutar aiki ta riƙa faɗuwa ba gaira ba dalili.)

Na uku ya shafi zane da gyara. CorelDRAW ya dawo Mac a 2019, amma yawancin masu injin bugun da ƙanen ke kai wa aiki a Windows suke, da tsofaffin zubi, kuma musayar fayil da su ta fi sauƙi in ana gida ɗaya, musamman a batun samfurin haruffa. Sannan Apple ba shi da shagonsa na kansa a Najeriya, kuma in akwatin wutar kwamfutar haɗi ya ƙone ana samun wani a Beirut Road ko a aiko da shi daga Computer Village ta Ikeja, abin da ba za a ce ga Mac mini ba.

Shawarar da aka yanke da abin da ya biyo baya

An haɗa kwamfuta ta uku. Ryzen 7 7700 an ƙiyasta masa wat 65 kuma yana da ƙaramin sashen hoto a cikinsa, don haka gurbin katin hoto an bar shi fanko, amma an sayi akwatin wuta mai wat 650 na kamfani sananne domin ranar da aikin bidiyo zai shigo. RAM an sa ta sanda biyu masu gigabayit 16 kowace maimakon sanda ɗaya mai 32, saboda biyun suna aiki a layi biyu lokaci guda. SSD na farko mai terabayit 1 ya ɗauki Windows da manhajoji, na biyu mai terabayit 2 ya ɗauki ɗakunan sautuka da ayyuka. Kuɗin da za a kashe a katin hoto da akwatin gilashi aka raba shi gida uku: allon IPS (irin wanda launinsa ba ya sauyawa in an karkata kai) mai inci 27, da ƙaramar na'urar riƙe wuta mai fitar da tsaftatacciyar wuta don ɗan gibin da ke tsakanin ɗaukewar wutar gari da kamawar inbata, da ma'ajiyar waje ta kwafin ayyuka.

Ba komai ne ya tafi daidai daga farko ba. Fankar da ta zo a kwali tare da firosesan tana ƙara sauti in aiki ya yi nauyi, kuma a zafin Afrilu, lokacin da Kano ke haura digiri 40, makirufo ya fara kama ta a wuraren da mawaƙi ya yi shiru tsakanin baiti da baiti. Sai da aka sauya ta da babbar mai sanyayawa mai fanka milimita 120 da ke juyawa a hankali, aka kuma fitar da akwatin daga ƙarƙashin tebur inda iska ba ta zagayawa. An kuma ci gaba da jin ɗan ƙas-ƙas jefi-jefi duk da mitar firosesa tana ƙasa, har aka gano cewa ƙaramar na'urar Wi-Fi da aka soka a USB ce direbanta, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa ta da Windows, ke riƙe firosesa fiye da wa'adin bafa. Da aka cire ta aka ja waya daga na'urar intanet, aka kuma tabbatar cewa FL Studio yana amfani da direban ASIO (direban sauti mai rage jinkiri) na katin sautin kansa, waƙar da aka yi gwaji da ita ta gudana a kan bafa 128 da Auto-Tune a buɗe. Waɗannan wahalhalu biyu na Windows da kwamfutar haɗi ne, kuma da Mac mini aka saya da wuya a gamu da su.

Akwai matsalar da babu irin kwamfutar da za ta warware, wato mutum biyu a kan kujera ɗaya, kuma a lokacin bukukuwan bayan salla mai waƙa da mai katin gayyata sukan zo a rana ɗaya. Saboda haka ba a sayar da tsohuwar kwamfutar ba. An sa mata SSD, aka ɗaga RAM ɗinta zuwa gigabayit 16 da sandunan DDR3 na hannu masu araha, aka cire ta daga intanet saboda ƙarewar tallafin Windows 10, ta koma ta ƙananan ayyukan CorelDRAW a ɗakin waje. Manyan kyallaye da aikin Photoshop mai nauyi kuwa ƙanen yana yin su a sabuwar da safe, kafin mawaƙa su fara zuwa bayan azahar.

Da sutudiyon sabo ne, ba shi da tsofaffin waƙoƙin da za a dawo nema, kuma da sola kaɗai yake aiki, da Mac mini mai RAM gigabayit 24 da ma'ajiya 512 a kan dala 999 a farashin lokacin, tare da SSD na waje, zan ba su shawara su saya. Kwamfutar gem kuwa sai in bidiyo ya zama rabin aikinsu. A halin da suke ciki, mataki na gaba da suka tsara shi ne sauya tsofaffin manhajojin bit 32 da sababbi masu lasisi ɗaya bayan ɗaya, suna kuma fitar da kowane layi na tsofaffin waƙoƙin a matsayin fayil ɗin sauti, domin saye na gaba kada ya kasance ɗaure da Windows.